Azumin da wata ke buɗewa: gyara kayanka ga masu fassarar finafinan Indiya

Ƴan uwa ɗalibai, wanga rubutu ya samo asali ne daga wata gardama da ta tashi a tsakar gidanmu a Allakaye lokacin babban hutu. Na zo daga Yamai da karti memuwar cike da finafinan Indiya na fassara, irin waɗanda ake zuba ma mutum a kasuwar Madawa da ƴan kuɗi kaɗan. Bayan isha aka jona tele da batir, aka shimfiɗa tabarmi, mata da yara suka zauna. Fim ɗin da muka sa shi ne Baghban na 2003, wanda Amita da Hema Malini suka fito a matsayin tsofaffin ma'aurata. Ƴaƴansu maza huɗu sun raba su bayan uban ya yi ritaya daga banki: uba a gidan wannan ɗa, uwa a gidan wancan.

Akwai wurin da tsohuwar ta wuni ba ci ba sha, dare ya yi, tana jiran fitowar wata. Shi ma tsohon, can inda yake, ya wuni da yunwa. Sai suka yi magana ta tarho. Ba a aje masa abinci ba, don haka ya riƙa ƙwanƙwasa faranti wayam domin ta ji kamar yana ci. Mai fassara ya ce tana azumi, ya ce lokacin shan ruwa ya yi, ya kuma ɗora mata addu'ar da muke yi ma juna cikin Ramadan ta neman Allah ya karɓi ibada.

Matar wana, wadda mijinta ke Abijan shekara uku ke nan, ta juyo ta dube ni. "Kai ɗan lakkwal, hwaɗa muna. Wanga wane irin azumi na? Magariba ta wuce, isha ta wuce, ba ta sha ruwa ba?" Ƙanwata ta yi dariya ta ce ita ma gobe sai ta yi irin shi saboda saurayinta da ke Libiya, ba za ta sha ruwa ba sai wata ya fito. Kawunmu da ke alwala a gefe ya ji. Ya ce in dai abin da finafinan ga ke koya ma ɗiyan mutane ke nan, su sake ma azumi lokaci, to daga yau kar ya ƙara ganin su a gidan. Aka kashe tele.

Ni kuma na kasa ba matar wana amsa a daren, duk da shekara uku da na yi ina karatun kimiyyar harshe. Sai da na koma na bincika. Abin da na gano shi ne mu duka huɗun, da ni da ita da ƙanwata da Kawu, kalmomin mai fassara suka ɓatar da mu. Ya ɗauko ibadar wasu mutane ya sa mata rigar tamu. Daga nan wanda ya so ta sai ya so kwaikwayo, wanda ya ƙi ta sai ya gan ta a matsayin ɓata addini, alhali abin nasu ne can, da sunansa da ƙa'idarsa.

Sunan ranar Karwa Caut. Karwa wata ƴar tukunyar laka ce mai baki kamar na buta, caut kuwa na nufin na huɗu, don ana yin ta ne rana ta huɗu bayan cikar wata, cikin watan da mabiya addinin Hindu ke kira Kartik. Tana faɗowa a Oktoba ko farkon Nuwamba: a 2023 ta kama 1 ga Nuwamba, a 2024 ta kama 20 ga Oktoba. Asalinta al'adar arewa da arewa maso yammacin Indiya ce, wuraren Panjab da Haryana da Rajastan da Uttar Pradesh da Delhi. Matan aure ne ke yin ta, kuma manufarta guda ce, neman tsawon rai da lafiyar miji.

Ga yadda ranar ke tafiya, musamman a gidajen Panjabawa. Kafin fitowar rana matar za ta ci wani abinci da ake kira sargi, wanda uwar mijinta ce ke haɗa mata shi. Daga nan ba ci, ba ko ɗigon ruwa. Za ta sa lalle, ta ɗauko kayan amarci ko makamantansu. Da yamma matan unguwa za su taru su yi da'ira, kowacce da farantinta mai ƴar fitila, suna miƙa ma juna farantan, wata dattijuwa tana ba da labarin asalin ranar. Rana ta faɗi, ba wanda ya motsa. Sai an jira wata. Da ya fito sai matar ta dube shi ta cikin rariya, ta zuba masa ruwa a matsayin hadaya, ta juyo ta dubi fuskar mijinta ta cikin rariyar, sannan mijin ya ba ta ruwan farko da hannunsa.

Mu mutanen karkara mun san abin da ake nufi da kwana uku ko huɗu bayan cikar wata. A lissafinmu wajen 17 ko 18 ga wata ke nan, lokacin da wata ya fara makara, kullum yana ƙara jinkirin kusan minti 50. A Delhi a wannan rana sai wajen ƙarfe 8 na dare yake leƙowa, fiye da awa biyu bayan faɗuwar rana, in kuma akwai gajimare jira ya ƙaru. Amsar tambayar matar wana ke nan. Magariba ba ta da wani matsayi a wanga azumi, wata ne ke buɗe shi.

Labarin da dattijuwar ke bayarwa ma a kan wannan jiran ya ginu. Wata mai suna Wirawati, ita kaɗai ce mace cikin ƴan uwa maza bakwai, ta zo gidan iyayenta tana yin azuminta na farko bayan aure. Yunwa da ƙishirwa suka galabaitar da ita. Yayyenta suka kasa jurewa, suka shirya wani haske a bayan itace, a wata ruwayar madubi, a wata fitila, suka ce mata ga wata ya fito. Ta ci abinci. Nan take saƙo ya zo cewa mijinta ya mutu. Sai da ta sake ɗaukar alwashin, ta cika shi yadda ya kamata, sannan aka mayar mata da mijin. Wanda ya san wanga labari zai gane dalilin da ya sa matan cikin fim ke ta leƙen sama, ya kuma gane nauyin yaudarar da tsohon Baghban ya yi da farantinsa: cikin labarin asali an yaudari mai azumi har aka jawo mata asara, a nan kuwa miji ne ke yaudarar matarsa don ta samu ta ci. Fassarar da muka kalla ba ta ba mu ko tsinken wannan ba.

To yanzu mu zo ga kalmomi, inda nan ne gonata.

Ban ga laifin mai fassara ba da ya ce azumi. Ita kalmar ma baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama ƴar gida. Tushenta Larabci ne, saumu, kuma masana tarihin harshe na ganin ta iso Hausa ne ta bakin Abzinawa, maƙwabtanmu a nan Adar, waɗanda a Tamajak ke cewa azum. A Larabcin ma ma'anarta ta farko kamewa ce, shi ya sa a cikin Suratu Maryam aka yi amfani da ita ga kamewa daga magana. Hausawa Kirista su ma azumi suke cewa ga nasu na kafin Ista. Mu kanmu ƴan Nijar in muna Faransanci, mi muke kiran Ramadan? Karem, sunan azumin Katolika na kwana arba'in. Mun ari kalmar coci mun sa ma watanmu, ba wanda ya ce mun yi ridda. Ke nan azumi kalma ce mai faɗi, tana iya ɗaukar kamewar kowa.

Matsalar tana ga ƴan rakiyarta. A kunnen Bahaushe azumi ba ya tafiya shi kaɗai. Yana jawo sahur, da shan ruwa, da lada, da karɓar ibada, da ramuwa, da kaffara. Kowacce daga cikinsu tana da gurbi a fiƙihu. Da zarar mai fassara ya saki biyu ko uku a jere, mai sauraro ya riga ya koma Ramadan, ko da idonsa na ganin mace da jan ɗigo a goshi tana zuba ma wata ruwa.

Ɗauki sahur. Na bi sauran finafinan da ke cikin kartin, na tarar duk inda sargi ya fito sahur ake ce masa. Ta fuskar lokaci sun yi kama, duka kafin gari ya waye ake cin su. Amma sahur kowa na iya dafa ma kansa. Sargi kuwa kyauta ce daga uwar miji zuwa ga matar ɗa, alama ce ta cewa an karɓe ki a gidan nan. Saboda haka in aka nuna mace tana kukan ba ta samu sargi ba, kukan rashin suruka take, ko na ƙin da dangin miji suka yi mata. In ka ce ba ta samu sahur ba, ka mayar da ita mai kukan yunwa. Kuma abin haushi, wanga ɓangare ne matanmu za su fi kowa fahimta, don ba macen Allakaye da ba ta san mi ake nufi da uwar miji ta aiko miki da ƙwarya ba, ko ta hana.

Ɗauki shan ruwa. A wurinmu lokaci ne tsayayye, faɗuwar rana, kuma sunna ce a gaggauta shi. Wanda ya ƙi shan ruwa har isha da gangan ya saɓa ma koyarwa. Ke nan Kawu bai yi kuskure ba bisa abin da ya ji. An ce masa azumi, an ce masa shan ruwa, ya ga an kai dare, ya ji ɗiyarsa na cewa za ta kwaikwaya. Da an ce masa wannan wata al'ada ce ta matan Hindu mai suna kaza, da wataƙila tsaki kawai zai yi ya shige ɗaki.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne su Indiyawan da kansu ba su haɗa kalmomin ba. A ƙidayar 2011 kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya Hindu ne, kimanin kashi 14 Musulmi, kuma harshensu ya ware ma kowa nasa. Azumin Musulmi roza ake ce masa, daga kalmar Farisanci mai nufin yini. Na Hindu kuwa ana ce masa upawas, wadda a Sanskirit ke nufin zama kusa, wato kusa da abin bauta, ko kuma vrat, wadda bakinmu zai fi jin daɗin furta ta birat. Ita vrat asalin ma'anarta alwashi ne, mutum ya ɗaure kansa da wata ƙa'ida don neman wata buƙata, rashin cin abinci ɓangare ne kawai na ƙa'idar. Ɗan fim in ya ce roza ko ya ce vrat, mai kallo a Mumbai ya riga ya san addinin mai maganar. Fassararmu ta narkar da duka biyun cikin tukunya ɗaya.

Kuma Hausa ba ta rasa kalma ba. Muna da alwashi, muna da bakance. Duk wanda ya yi makarantar allo har ya taɓa littattafan fiƙihu ya san azumin bakance, wanda mutum ke ɗora ma kansa in Allah ya biya masa wata buƙata. Ba daidai suke da vrat ɗari bisa ɗari ba, amma sun fi kusa da ita nesa ba kusa ba, don suna nuna cewa akwai buƙata a bayan yunwar. Da mai fassara ya ce yau ranar alwashin matan aure ce, ba ta ci ba ta sha don mijinta ya yi tsawon rai sai ta ga wata, da ya gama aikin cikin numfashi ɗaya.

Wani abin da kalmar azumi ita kaɗai ke ɓoyewa shi ne yawancin azumin Hindu ba irin na Karwa Caut ba ne. Wanda ya fi yawa shi ne Ekadashi, ma'ana na goma sha ɗaya. Suna raba wata gida biyu, kwanakin da yake girma da kwanakin da yake raguwa, kuma rana ta 11 a kowane rabi ranar kamewa ce domin Wishnu, ɗaya daga manyan ababen bautarsu. Sau biyu ke nan a wata, 24 a shekara. A wannan rana abin da aka fi hanawa shi ne hatsi da wake: ba shinkafa, ba alkama. Mutane da yawa suna shan madara, suna cin ƴaƴan itace da dankali da gujiya. A ma'auninmu, mutum ya sha nono da tsakar rana, ya ci dabino, amma ya ƙi hura saboda akwai gero a ciki, kuma ya ce yana vrat, bai yi ƙarya ba. Akwai Ekadashi guda a shekara, Nirjala, wato marar ruwa, wadda ke zuwa cikin tsananin zafin Mayu ko Yuni, ita ce ake kame baki gaba ɗaya. To in fim ya nuno dattijuwa tana cin ayaba, mai fassara ya ce tana azumi, ƴan kallo za su fashe da dariya su ce azumin Indiyawa na wasa ne. Wani sa'in ma mai fassarar ne ke fara yi mata ba'a. Ita kuwa tana kan ƙa'idarta daram.

Na san abin da wasunku za su ce, don an faɗa mini shi a fada muna shan shayi. Za a ce masu fassarar ga ba malaman jami'a ba ne, ƴan nishaɗi ne, mutum ɗaya ko biyu ke yin muryar kowa, cikin gaggawa, kuma barkwancinsu ne ya sa ake son su. Na yarda. Ina ma ƙarawa da cewa sun yi ma Hausa aikin da ba a yaba musu ba. Tun shekarun 1950 finafinan Indiya ke yawo a silimun ƙasar Hausa, kakanninmu suna kallo ba su jin ko kalma, sai dai su bi fuska da waƙa, har suka raɗa ma Dharmendra Sarkin Ƙarfi. Masana irin su Brian Larkin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ta Kano sun yi rubutu a kan wannan tsohuwar soyayya. Masu fassara ne suka sa a karo na farko tsohuwa a Allakaye ta bi labari daga farko har ƙarshe. Amma daidai wannan ne ya ɗora musu nauyi. Mafi yawanmu ba mu taɓa zama da mabiyin Hindu ba, duk abin da muka sani game da addinin mutane sama da biliyan ɗaya ta bakinsu ya biyo. Kuma gyaran da nake nema ba ya cin kuɗi ko lokaci, jimla guda ce.

Sannan kar mu ɗauka fim ɗin kansa madubi ne. Shi ma ya yi tasa fassarar kafin tamu. Dilwale Dulhania Le Jayenge na 1995, wanda Sharukan da Kajol suka yi, ya nuna budurwa da aka ba wani tana yin Karwa Caut a ɓoye don saurayinta, har ta yi suman ƙarya domin shi ne zai ba ta ruwa, kuma shi ma ya wuni da yunwa dominta. Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001 ya mayar da ranar babban biki na rawa da ado a Landan. A Indiya ana yawan cewa finafinan nan ne suka yaɗa al'adar zuwa yankunan da da ba su yin ta, suka kuma mayar da ita ranar masoya da kasuwar kayan ƙawa. A can ma akwai mata da ke tambaya don mi mace kaɗai za ta wuni da ƙishirwa saboda ran miji, ba a ware ranar da shi zai yi saboda nata ba. Sa namiji ya yi azumin tare da matarsa, kamar yadda Baghban da Dilwale suka yi, amsar ƴan fim ce ga wannan tambaya. Abin da ƙanwata ta gani ta yi sha'awa ke nan, al'adar da silima ta riga ta shafa ma hoda, sannan fassara ta sa mata hijabi.

Kafin in koma Yamai na zauna da matar wana a bakin murhu na warware mata duk wannan, har labarin Wirawati. Ta saurara tana tuƙa tuwo. Da na zo kan sargi ta ce, "Ashe su ma suna da uwar miji." Da na gama ta ce, "To mu nan, in miji na gida, ko nahila ba ki yi sai da izininshi. Su can sai su yi don shi. Ko'ina dai shi na a tsakiya." Ban taɓa karanta wanga kwatanci a wani littafi ba, kuma ba ta iya yin shi a daren farko, lokacin da aka gaya mata cewa abin nan azuminmu ne. Sai da aka bar mata shi a matsayin na wasu sannan ta iya aza shi kusa da nata ta auna.

Roƙona ga masu fassara abu uku ne. Ku bar ma ranar sunanta, Karwa Caut ko Ekadashi, kamar yadda kuke barin sunayen mutane. Ku ƙara gajeriyar jimla da ke faɗin wa ke yi, don mi, har zuwa yaushe. Ku kuma aje sahur da lada da karɓar ibada sai inda ɗan fim ya ce roza. Ku kuma ƴan uwa, musamman masu karatun harsuna, ku ɗauki kaye a gaba in kuna kallo, ku rubuta yadda ake fassara addu'a da rantsuwa da sunayen ababen bauta, mu haɗa mu tattauna a fitowa ta gaba. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kawu dai har na taho bai janye dokarsa ba. Na yi masa bayani, ya ce ya ji, amma in ana son tele ta dawo tsakar gida, sai in zauna kusa da ita in riƙa gyara ma mai fassara.